WA YA KASHE ALHAJI? JAWABI KAN LITTATTAFAN SOYAYYA MASU ZARGIN KISA

Wannan jawabi ne da wani malamin makaranta, wanda ya daɗe yana koyar da Hausa a yankin Talata Mafara, ya gabatar a wajen walimar auren wani tsohon ɗalibinsa a garin Damaga, ƙaramar hukumar Maradun ta jihar Zamfara. Wakilinmu ne ya naɗo mana shi, muka rubuto maku da ɗan gyara kaɗan. A sha karatu lafiya.

 

Da ango ya zo ya same ni ya ce in yi magana a walimarsa, sai na ce masa to a kan me? Ya ce a kan haƙƙoƙin ma'aurata. Na ce masa wannan ai ga malamai nan zaune da suka fi ni saninsa, ni malamin Hausa ne, abin da na sani littafi ne. Ya ce to in yi magana a kan littafi. Shi ya jawo wa kansa. Domin littafin da zan yi magana a kansa ba Iziyya ba ne, ba Ahalari ba ne. Irin littafin nan ne da muka sha ƙwacewa a ƙarƙashin benci a hannun 'yan aji uku, wanda ake ce wa littafin soyayya. Kuma ba kowane iri ba, wani nau'i guda daga ciki, wanda yanzu ya yi kasuwa a wayoyin 'ya'yanmu: labarin saurayi da budurwa mai ban dariya, ana cikin wahalar neman aure, kwatsam sai a tsinci gawa, a ce ɗaya daga cikinsu ne ya kashe.

Kafin in yi nisa bari in faɗi gaskiya a kaina. Na taɓa ƙwace irin wannan littafi a hannun wata ɗaliba, na ɗaya da na biyu ɗaure da kyauro. Na tafi da shi gida da niyyar in duba in ga irin ɓarnar da ke ciki don in kai ƙara wajen shugaban makaranta. Ban rufe ido ba sai da aka yi kiran assalatu. Ranar Talata kuwa sai ga ni a kasuwar Mafara ina bin masu baza littattafai ina tambayar na uku, ina cewa wai wata ƙanwata ce ta aiko ni. (dariya) To duk abin da zan faɗa yau, mai laifi ne ke faɗa wa masu laifi.

Wannan abu ba sabo ba ne a adabinmu. Tun 1934 aka buga Jiki Magayi a Zariya, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta. Mene ne a ciki? Saurayi Abubakar yana son Zainabu, attajiri Malam Shehu ya zo da dukiya ya aure ta, saurayi ya shiga duniya neman abin ramuwa, ƙarshe ɗan da aka haifa, Kyauta, ya lalace har ya kashe ubansa. Ka ga soyayya da jini tare suka shigo ƙagaggen labarin Hausa. Daga baya Hafsat Abdulwahid ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta zo da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, wanda a cikinsa Sumayya ta faɗa rijiya don an hana ta talakan da take so. Masana suka yi ta kai ruwa rana a jaridu a shekarun 1990, wasu suna kiran abin Adabin Kasuwar Kano don raini, wasu suna kare shi. A 2007 har tara littattafan aka yi aka ƙona a wata makarantar 'yan mata a Kano, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. An ƙona takarda, labari bai ƙone ba. Yau ya koma cikin waya, ana turawa shafi-shafi ta WhatsApp, ana karanta shi da murya a YouTube, wadda ba ta iya karatu ba ma tana ji tana daka.

Su ma mutanen waje suna da nasu, har ya zama sana'a mai zaman kanta. Akwai wata marubuciya a Amurka, Janet Evanovich, da ta fitar da littafi a 1994 mai suna One for the Money. Labarin wata ce mai suna Stephanie Plum, aikinta ya ƙare, talauci ya ishe ta, ta shiga sana'ar kamo waɗanda suka tsallake beli. Mutum na farko da aka ba ta ta kamo wani ɗan sanda ne da ake zargi da kisan kai, kuma ashe tsohon saurayinta ne wanda ya taɓa yaudararta, har ta taɓa banke shi da mota don haushi. Littattafan wannan baiwar Allah sun haura 30 yanzu. A nan gida kuma Oyinkan Braithwaite ta rubuta My Sister, the Serial Killer a 2018, labarin wata ma'aikaciyar jinya a Legas wadda ƙanwarta kyakkyawa ke kashe samarinta, ita kuma yayar tana zuwa da sabulu da tsumma tana goge jini. Mutane suna karantawa suna dariya. To me ya sa ɗan Adam yake son wannan haɗi, dariya da so da gawa?

Maimakon in yi ta bayani, bari in ƙaga maku ɗaya a nan take. Sunayen duka na ƙirƙira ne, duk wanda ya ji sunansa ya yi haƙuri.

Akwai wani yaro Tanko, mai cajin waya a bakin tasha. Yana son Ladidi. Tanko ba shi da komai sai baki. In zai je zance, shaddar da zai sa ta abokinsa Sale ce, hula zanna ta Sale ce, takalmin ma na Sale ne, ga shi ya matse shi, yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Sharaɗin Sale guda ne: ƙarfe goma na dare kaya su dawo, don shi ma da safe yana da wurin zuwa. Saboda haka duk daɗin da hira ta yi, da goma ta gabato sai ka ga Tanko ya miƙe zumbur ya ce yana da uzuri. Ladidi har ta fara zaton wata yake zuwa wurinta. Ga ƙanenta, wani ɗan ƙaramin azzalumi, ba ya shiga ya kira ta sai an ba shi kuɗin kira, in kuɗin ya yi kaɗan ya fito ya ce wai ta yi barci, alhali ana jin muryarta tana dariya a tsakar gida. Ga kakarta, da ta ji sallamarsa sai ta riga kowa fitowa ta ce mijina ya zo, ta karɓe ƙunshin tsiren ta koma ɗaki. (dariya) Na ga wasu na sunkuyar da kai, da alama na taɓo wani wuri.

Ana nan sai ga Alhaji mai albasa, wanda ke loda motoci daga fadamun Bakalori zuwa kudu, ya shigo neman Ladidi ta uku. Shi in ya zo ƙanen nan ba ya jiran a aike shi. Wata rana suka yi karo a ƙofar gida, Alhaji ya dubi Tanko sama da ƙasa ya ce, yaro wannan rigar ai na san mai ita. Mutane suka fashe da dariya. Tanko ya fusata ya ce a gaban kowa, wallahi Alhaji sai na ga bayanka. Kwana biyu tsakani, da asuba, masu zuwa ban ruwa suka tsinci gawar Alhaji a bakin hanyar ruwa, da rauni a ƙeya. Taku kaɗan daga wurin ga hular nan zanna da kowa ya san Tanko da ita. Aka je ɗakin Tanko aka tarar da 'yar shararsa duk jini. Aka ce ina ka kwana jiya? Ya yi shiru, ya ce ba zai faɗa ba.

To jama'a, wa ya kashe Alhaji? (Mutane: Tanko ne!) Madalla. Ku riƙe wannan amsar, zan dawo kanta.

Ka ga abin da ya faru yanzu shi ne sirrin irin wannan littafi. Marubuci ya fara sa ka dariya har ka saki jiki, ka so yaron, sannan ya jibga masa alamomi: ya yi furuci, yana da dalili, ga hula, ga jini, ga shiru. Zuciyarka ta yanke hukunci tun kafin alƙali ya zauna. Mai karatu yana jin daɗin wannan zargi, don ba ya biyan ko sisi a kansa. Ya zargi Tanko a shafi na 40, ya koma kan uwargidan Alhaji a shafi na 90, ya koma kan yaron shagonsa, duk ba wanda ya ji ciwo. In marubucin gwani ne, a shafin ƙarshe zai nuna maka cewa tun farko ya ajiye maka gaskiya a gabanka, kai ne gaggawa ta hana ka gani. Sai ka ji kunya kaɗan, ka rufe littafi. Ni a ganina wannan 'yar kunyar ita ce amfanin littafin gaba ɗaya, kuma saboda ita ce ba na cikin masu cewa a ƙona. Yaron da ya saba ganin wanda aka fara zargi ya fita ba laifi, sau goma, sau ashirin, wataƙila ranar da aka nuna masa mutum a kasuwa aka ce ga shi nan, zai ɗan dakata.

Amma fa in marubucin gwani ne na ce. A nan nake da ƙorafi a kan da yawa daga cikin namu, kuma ina so 'yan matan da ke bayan labule, waɗanda na san wasunsu suna rubutu a waya, su saurara da kyau.

Da yawan littattafan nan, in an zo wajen warware kisan, ba hujja ke warwarewa ba. Sai ka ga an kai littafi na uku marubuciya ta gaji, sai kawai uwar yarinya ta yi mafarki ta ga wanda ya yi. Ko a je wajen wani mai duba ya buga ƙasa ya ce mace ce, baƙa, gajera, tana cikin gidan. Ko kuma mai laifin ta haukace ta fito tsakar gida tana tona wa kanta asiri. Kuma kusan kullum wace ce? Kishiya. In ba kishiya ba uwar miji, in ba ita ba matar uba. Tun shafi na biyar da aka ce tana da hararar ido da kaurin suna ka san ita za a rataya wa. To wannan littafi bai koya wa mai karatu dakatawa ba. Abin da ya koya masa shi ne, zaton da ka yi tun farko daidai ne, wadda ka tsana ita ce mai laifi, kuma boka yana iya tabbatar maka. Yarinya ta karanta irin wannan guda hamsin kafin a kai ta ɗaki. Ranar da ɗanta ya yi zazzaɓi ya rasu, a gidan da sauro ya fi mutane yawa, wa kuke jin za ta fara kallo?

Wannan ya fi damuna a kan kalaman soyayyar da ake ta kuka da su. Kalaman soyayya iyakarsu su sa yaro ya rubuta wasiƙar banza. Wancan kuwa gida yake rabawa.

Alhali mu ne ya kamata mu fi kowa iya rubuta labarin bincike, don tun muna makarantar allo muke jin sa. Ku duba ƙissar Annabi Yusuf (AS). Riga biyu ce ta yi shaida a ciki. Ta farko 'yan uwansa suka kawo wa mahaifinsu da jinin ƙarya suna kuka, malaman tafsiri suka ce Annabi Yaƙubu ya lura jini ya ɓata riga amma ba ta yage ko'ina ba, wane irin kyarkeci ne zai ci yaro ya bar rigarsa lafiya? Ta biyu kuwa magana ce ta so da ƙazafi, mace ta ce shi ya neme ta, shi ya ce ita ta neme shi, ba mai shaida. Sai wani daga danginta ya ce a duba inda rigar ta yage, gaba ko baya. Ba mafarki, ba bugun ƙasa, duba riga kawai. Kuma abin da ya kamata ya tsoratar da mu, duk da rigar ta wanke shi, sai da ya yi shekaru a kurkuku, don manyan gari sun ga hakan ya fi rufa masu asiri.

Ku duba kuma dalilin da ya sa ake kiran sura mafi tsawo da sunan saniya. Kisa ne aka yi a cikin Banu Isra'ila aka rasa wanda ya yi. A tafsirai an kawo cewa mamacin attajiri ne, magajinsa ne ya kashe shi, ya ɗauki gawar da dare ya yar a unguwar wasu, da safe ya fi kowa kururuwa yana neman jinin ɗan uwansa. A wata ruwayar ma an ce 'yar attajirin ya nema da aure aka hana shi don talauci. Ka ga har neman auren yana ciki. Wanda ya fi kowa nuna yatsa shi ne mai abin.

Sannan abin da ya faru a Khaibara zamanin Manzon Allah (S). Abdullahi ɗan Sahlu ya je can da ɗan uwansa Muhayyisa lokacin ana zaman sulhu, suka rabu kowa ya tafi sha'aninsa, aka tsinci Abdullahi an kashe shi. Garin na Yahudawa ne, akwai tsohuwar gaba, ba wasu mazauna sai su. In da a nan ne da tuni an gama magana. Danginsa suka zo Madina suka ce su ne. Manzon Allah (S) ya nemi su yi rantsuwa hamsin a kan wanda suke tuhuma, suka ce yaya za mu rantse a kan abin da ba mu gani ba? Aka ce to waɗancan su rantse hamsin su kuɓuta, suka ce ba su yarda da rantsuwarsu ba. Sai ya biya diyyar da kansa, raƙuma 100. Jinin bai tafi a banza ba, kuma ba a kashe kowa a kan zato ba. Malamanmu da ke zaune a nan sun karantar da babin hukuncin jini a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun san ba a kashe rai da rai sai da shaidu adalai, ko iƙirari, ko ƙasama bisa sharuɗɗanta, kuma sun san a mazhabar Malik tsintar gawa a unguwar wasu mutane kawai ba ya zama hujja a kansu. Aya ta 6 da ta 12 a Suratul Hujurati kuwa, ɗaya a kan bincika labari kafin a afka wa mutane, ɗaya a kan nisantar yawan zato, yaran Islamiyya ma sun haddace su.

To me ya sa na zaɓi in kawo wannan magana a Damaga, kuma a wajen biki? Saboda a cikin littafi akwai shafin ƙarshe, marubuci ya tanadi ranar da za a wanke Tanko. A ƙasar nan tamu, a wannan hali da muke ciki, wanda aka zarga sau da yawa ba ya kaiwa shafin ƙarshe.

Ba sai na gaya maku abin da muke ciki ba tun wajen 2011. Daga Maradun zuwa Bakura zuwa Mafara ba gidan da bai ɗanɗana ba, wanda ba a ɗauke masa mutum ba an kore masa shanu, ko an hana shi gonarsa. Masu bincike irin su Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wanda ya gabatar da bincikensa a kan 'yan bindigar Zamfara a 2021, sun nuna cewa daga cikin abubuwan da suka rura wutar nan akwai kashe mutane a kasuwanni a kan zargi, ba kotu ba shari'a, danginsu kuma suka shiga daji neman fansa. Yau kuma an samu wata kalma da ta fi bindiga saurin kisa, wato infoma. Akwai su da gaske, ba mai musu, kuma sun cuce mu. Amma kowa a nan ya san yadda kalmar ke da sauƙin jefawa. An ga wane yana waya a bayan gari. An ga wane ya yi sabon babur, a ina ya samu? To ku haɗa wannan da neman aure. Samari biyu suna neman yarinya ɗaya, ɗaya ya ga ana shirin ba ɗayan. A da sai dai ya je ya ce ai wane yana shan taba, ko danginsu suna da kuturta. Yanzu kalma ɗaya zai raɗa a kunnen da ya dace, ba sai ya ɗauki wuƙa ba. Ina roƙon matasanmu masu tsaron gari, waɗanda muke barci saboda su, duk wanda ya kawo maku sunan mutum, ku fara tambayar me ke tsakaninsu. Filin gona ne, bashi ne, ko wata Ladidi ce?

Mu da kanmu mun san zafin abin in a kanmu ya faɗa. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Arewa 16 a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyar komawa gida hutun salla, aka ce masu garkuwa da mutane ne saboda an ga bindigogin farauta, aka kashe su aka ƙona. Su ma waɗanda suka yi, alama suka gani suka yanke hukunci.

Kada wani ya fahimce ni a karkace ya ce malam ya ce ba a kisa saboda soyayya. Ana yi. A watan Satumba na 2022 wani ɗan ƙasar Sin ya shiga gida a unguwar Janbulo a Kano ya daɓa wa matar da yake nema wuƙa har ta rasu, ya gaya wa kotu cewa ya kashe mata miliyoyin naira, babbar kotun Kano ta yanke masa hukuncin kisa a watan Maris na 2024. A 2014 kuma, a Unguwar 'Yansoro ta ƙaramar hukumar Gaya, amarya 'yar shekara 14 aka gurfanar bisa zargin sa maganin ɓera a abinci, angonta mai shekara 35 da wasu mutum uku suka mutu, ba a fi makonni da ɗaura auren ba. Aka yi ta shari'a a Gezawa, daga baya a 2015 gwamnatin Kano ta janye ƙarar. Waɗannan abubuwa sun faru, kuma kowanne yana da darasinsa, ɗaya a kan saurayin da ke lissafin toshi kamar ya sayi mutum, ɗaya a kan iyayen da ke kai yarinya inda ta ce ba ta so. Amma ku lura, duka biyun gaban alƙali aka kai su, aka kira shaidu, aka ba wanda ake tuhuma lauya da bakin magana. Sannan ku tuna abin da ya biyo baya a bakin mutane. Bayan irin waɗannan labarai sai barkwanci ya cika gari, ana ce wa ango ya ɓoye wuƙaƙen gida, ya bari amarya ta fara ɗanɗana miya. Muna dariya, ni ma na yi. Amma a wani gidan ango ya yi ciwon ciki na gaske a makon farko, kuma akwai 'yar mutane da za ta kwana tana kuka don yadda dangin miji suka dube ta.

Saboda haka ni ba zan ce wa 'ya'yana kada ku karanta ba, don na san za su karanta, ni ma na karanta. Abin da nake ce masu shi ne, in kin gama littafi ki tambayi kanki, da me aka kama mai laifin nan? In da riga aka kama shi, ko sawun ƙafa, ko wata magana da ya yi ta ci karo da wata, to marubucin ya girmama hankalinki, ki nemi wani littafin nasa. In da mafarki ne ko bugun ƙasa, ki goge shi, ya ci maki kuɗin data a banza. Masu rubutu kuma, ku ba mu dariyar, muna so, Allah ya sani muna bukatarta a wannan ƙasa. Wahalar zance ba ta ƙarewa, akwai abin dariya a cikinta da zai cika littafi ɗari. Amma ku wahala kaɗan wajen ƙulla kisan. Ku je kotun shari'a ta Mafara ku zauna a benci ku ji yadda alƙali ke tambayar shaida. Ku tambayi ma'aikacin asibiti yadda ake gane wanda ya sha guba da wanda kwalara ta kama. Kuma ko sau ɗaya a bar kishiyar nan ta fita ba laifi, a ga yadda mai karatu zai yi.

To, na ga ana ta leƙo ni daga wajen tukwane, bari in koma kan Tanko kafin shinkafa ta huce.

Kun ce shi ya kashe Alhaji. Ladidi ce ta ƙi yarda, ba don so kawai ba, don ta riƙe wani abu da ku kuka ji kuka manta. Ta sa aka kira ƙanen nan nata, aka ba shi kuɗin kira mai kauri, ya faɗi abin da ya daɗe da sani, don ya taɓa bin Tanko a baya ya ga inda yake zuwa da ƙarfe goma. Gidan Sale yake zuwa ya tuɓe kaya ya mayar, ya fito da 'yar shara. Daga nan kuma ya wuce wurin mai tsire a bakin tasha, ya kwana yana taya shi fiɗa da yankan nama, ladansa shi ne ƙunshin tsiren nan da kaka ke karɓewa. Jinin da ke jikin 'yar shara na akuya ne. Shirun da ya yi kuwa, ya gwammace a ɗaure shi da Ladidi ta ji cewa saurayinta mai shadda yaron mai tsire ne. Mai tsire ya zo ya yi shaida, masu shayi biyu suka ce tare suka ga asuba da shi. Ita kuwa hula, a daren da aka kashe Alhaji tun ƙarfe goma ta koma hannun mai ita. Kuma da aka buɗe littafin bashin Alhaji sai ga sunan Sale, kuɗin taki buhu ashirin, an sa masa wa'adi ranar Juma'a.

To yanzu wa ya kashe Alhaji? (Mutane: Sale ne! Sale ne!)

La ilaha illallahu. Kun sake! (dariya) Yanzu-yanzu kuka rataye Tanko a kan hula, ba ku ko ba shi haƙuri ba kun juya kan Sale, da hular nan dai guda. Wa ya ga Sale a bakin ruwa? Mutum nawa ne sunansu ke cikin littafin bashin nan? Ɗakin Sale ko ƙyaure ba shi da shi, samari biyar ke kwana a ciki, kowa na iya ɗaukar hula. Raunin ƙeyar ma ba wanda ya tambaya ko sanda ce, ko kuwa santsi ya kwashe Alhaji a kan simintin hanyar ruwa cikin duhu. Ni da na ƙaga labarin ban kai nan ba tukuna, na uku bai fito ba. Wanda ya matsu ya same ni ranar Talata a kasuwar Mafara, wajen masu baza littattafai.

Allah ya sanya albarka a wannan aure, ya ba su zuriyya ɗayyiba, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina a ƙasarmu. Ango, hular da ke kanka dai ina fata taka ce.